Ƙwan farin kifin da 'yan asalin Kanada ke ci, da gaske yana gina jiki haka?

Bakatsine_a_Winnipeg:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga likitocinmu da masu ilimin abinci. Ina garin Winnipeg na lardin Manitoba a Kanada, shekarata ta uku kenan ina karatu. Gidan da nake haya akwai wata dattijuwa a ƙasan bene, 'yar ƙabilar Cree ce, asalinta daga can arewacin tafkin Winnipeg. Satin da ya wuce ɗanta ya kawo mata kifi cike da kula, irin wanda Turawa ke ce wa whitefish, wato farin kifi, su kuma atihkamek suke kiransa. Na sauko na tarar tana gyarawa, tana ware ƙwan a kwano daban a hankali kamar mai tsintar zinariya. Ƙwan ruwan ɗorawa ne, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta kwaɓa wani da fulawa ta soya irin burodinsu da suke kira banok ta ɗibar min, wallahi da daɗi. Sai take ce min lokacin suna yara ba a barin ƙwan nan ya lalace, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su ake fara ba, kuma shi ke riƙe mutum in hunturu ya kankama. To maganar nan tana da tushe a likitance ko al'ada ce kawai? Don ni a gidanmu na taso ina ganin in an gyara kifi, ƙwan da hanjin ake haɗawa a watsa wa kaji.

Dan_Sarkawa_Yauri:
Wa alaikumus salam. A watsa wa kaji?? Haba ƙanina, ai ku mutanen tudu ku ne kuke wannan aika-aikar. Mu nan bakin ruwa ƙwan tarwaɗa in ya faɗo a miya sai an yi rabo, uwar gida ita ke ɗauka ta ba wanda ta ga dama. Tsohuwar nan gaskiya ta faɗa maka.

Daliba_Ilimin_Abinci:
Tana da tushe sosai Yaya. Ka duba, ƙwai ai guzuri ne da uwar ta haɗa wa ɗan da bai fito ba, duk abin da zai gina ido da ƙwaƙwalwa da ƙashi yana ciki a dunƙule, shi yasa ƙwai na kowace halitta yake da ƙarfi. A jadawalin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, ɗanyen ƙwan kifi giram 100 yana da furotin wajen giram 22, ƙwan kaza kuma wajen giram 12 da rabi ne, kenan ya kusa ninka shi. Mai kuma wajen giram 6 ne kawai amma fiye da giram 2 a ciki omega-3 ne, irin wanda ake kira EPA da DHA, shi ne man da ƙwaƙwalwar jariri da idonsa ke buƙata tun yana ciki. Bitamin B12 maikurogiram 10, alhali babban mutum 2.4 yake buƙata a rana. Bitamin D wajen maikurogiram 12. Ga selenium ga fosfaras. Amma fa lissafin nan na ƙwan kifaye daban-daban ne aka haɗa, ba na farin kifi shi kaɗai ba, kuma kifi ya danganta da ruwan da ya tashi da abin da yake ci.

Maman_Yan_Biyu:
Ni dai tsakani da Allah ko ganinsa ba na so, tsikar jikina tashi take. Amma jin lissafin nan ya sa na fara tunanin yarana.

Alhaji_Mai_Taya:
To ku dakata. Ni likita ya hana ni kwan kaza fiye da kima saboda kolestarol, shi wannan din ba shi da shi ne? Kar a zo ana yabon abu a boye aibinsa

Daliba_Ilimin_Abinci:
@Alhaji_Mai_Taya yana da shi Baba, kuma da yawa, wajen miligiram 370 a giram 100, kusan daidai da na ƙwan kaza. Sai dai ba wanda ke zama ya cinye giram 100 na ƙwan kifi kullum, cokali ɗaya ko biyu ne. Ni abin da na fi ji maka ma gishiri ne, don wanda ake sayarwa a kwalba gishiri ake zuba masa sosai don kar ya lalace, mai hawan jini ya kiyaye. Haka mai ciwon gaɓoɓin nan na gawut, ƙwan kifi na cikin abin da ake ce ya rage. Ka bi maganar likitanka.

Likitan_Yara_Jos:
Bari in tsaya kan bitamin D ɗin nan don a ganina nan ne hikimar mutanen take. Mu a nan fatarmu ce ke haɗa mana shi in rana ta taɓa mu, kuma rana ba ta yanke mana. Su kuwa can, ko a Winnipeg ɗin da kake, daga wajen Nuwamba har Maris ranar ba ta da ƙarfin da fata za ta yi aikin, ga mutum a naɗe cikin rigunan sanyi ido kawai a waje. In ka ƙara yin arewa abin ya fi haka, garin Inuvik yana yin kusan kwana 30 rana ba ta ɓullo ba, Utqiagvik na Alaska kuma fiye da wata biyu. To ina za su samu bitamin D? Sai a abinci, kuma abincin da ke da shi kaɗan ne a duniya, kifi mai mai, hantar kifi, ƙwan kifi, kitsen dabbobin teku. Sannan ka lura da lokacin, farin kifi yana zuba ƙwai ne a kaka, Oktoba zuwa Disamba, wato daidai gab da shigowar duhu da sanyi mata suke cike da ƙwai. Allah Ya ajiye musu abin a bakin ƙofar lokacin da suka fi buƙatarsa. Kuma an ga abin da ya biyo baya da aka rage ci. A yankin kogin Yukon da Kuskokwim na Alaska an auna tsofaffin samfuran jinin matan Yup'ik, 'yan asalin yankin, da aka adana, aka ga daga shekarun 1960 zuwa na 1990 cin abincin ruwa ya yi ta raguwa a wajen matasan mata, bitamin D ɗinsu ma ya bi shi ƙasa. Yanzu ciwon laushin ƙashi na yara ya fi yawa a arewacin Kanada da Alaska fiye da kudancinsu. Kai ma da kake can da baƙar fata ka je a auna ka, fatarmu ta fi tasu jinkirin haɗa shi.

Uwargida_Maradi:
Likita to ashe yaran nan namu masu gwame da masu ƙafa kamar baka ƙwan kifi za a dinga ba su kenan? Akwai ɗan maƙwabciyata shekara ukku, tausayi yake ban.

Likitan_Yara_Jos:
A'a Hajiya, kar mu haɗa su. Namu daban ne. A nan Jos aka yi binciken da aka buga a 1999, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, suka nuna yawancin yaranmu masu wannan lalurar ƙarancin kalshiyam ne ke damunsu ba bitamin D ba, don abincinsu hatsi ne zalla babu nono, kuma da aka ba su kalshiyam sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ƙwan kifi ba shi da kalshiyam ɗin kirki. Nono da ƙananan busasshen kifi da ake dakawa har ƙaya sun fi masa amfani. Amma dan Allah a kai yaron asibiti a duba shi tukuna.

Malamin_Islamiyya:
Kafin wani ya tambaya, don na san za a tambaya, ƙwan kifi halal ne. Hukuncinsa hukuncin kifin ne, kuma hadisin teku sananne ne, ruwansa mai tsarki ne mushensa halal ne. Sai dai in an tabbatar wani nau'in yana cutarwa, to cutarwar ce ta hana.

Dan_Sarkawa_Yauri:
Allah Ya saka Malam. Kuma akwai mai cutarwar kam. Talibambam ba a wasa da ƙwansa da hantarsa, kowane ɗan su ya san wannan tun yana yaro. Kar wani ya karanta nan ya je ya ce kowane ƙwan kifi ci ake.

Bakano_a_Michigan:
Ni ina jihar Michigan kuma nan ma kifin nan shi ne sarkin kifi a Manyan Tafkuna, wato tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada. Mutanen Ojibwe adikameg suke ce masa, kusan ɗaya da sunan da dattijuwar ta faɗa maka don harsunan 'yan uwa ne. Adik sunan wata dabbar daji ce ta ƙasar sanyi mai rassan ƙaho wadda suke farauta, kenan kamar a ce kifin nan shi ne naman dajinsu na cikin ruwa. Akwai ma ƙabila sukutum a lardin Kwibek na Kanada da ake kira Atikamekw, sunan kifin ne sunansu. A garin Sault Ste. Marie, wajen da ruwan tafkin Superior ke gangarowa da ƙarfi, wanda su suke kira Baawitigong, ɗaruruwan shekaru suna taruwa suna kama shi da koma mai dogon hannu daga cikin kwalekwale, mutum ɗaya na riƙe jirgi a cikin igiyar ruwa ɗaya na ɗiba. Da suka sa hannu a yarjejeniyar 1836 da gwamnatin Amurka suka ba da ƙasa, sun riƙe haƙƙin kamun kifi, daga baya hukumar jiha ta dinga kama su tana ƙwace musu taru har sai da alƙali Noel Fox ya yanke hukunci a 1979 cewa haƙƙin nan yana nan daram. Abin da ke ci min rai shi ne yau in ka shiga kantin masu kuɗi za ka ga ƙwan kifin nan a 'yar kwalba an sa masa suna kabiyar zinariya (kabiya shi ne ƙwan kifi mai gishiri da Turawa ke ce wa caviar) da tsadar gaske, masu abin kuwa da can ƙyamar abincinsu ake.

Yar_Zongo_Kumasi:
Haka duniya take wallahi. Dawadawa da zogale ma ai da abincin talaka ne, yanzu ga su a leda mai kyalli

Injiniya_Stockholm:
@Bakano_a_Michigan maganarka haka take. A Suwidin akwai ɗan uwan kifin nan ƙarami da ake cire wa ƙwai a yankin Kalix can arewa, löjrom suke ce masa, har a liyafar kyautar Nobel an sha kawo shi, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ba kowa zai sa wa kayansa sunan Kalix ba. Nasu ba ya isarsu, har daga tafkin Superior ake kawo musu ƙwan wani ɗan uwan nasa.

Tsohon_Malamin_Bayoloji:
Ni ina da ja. Kowa na ta yabo amma ba wanda ya tambaya, in kowa ya koma cin ƙwai ina kifin gobe zai fito? Mace ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubbai, ka cinye su a zama ɗaya. Nan gida ma abin da ya sa ake hana su a wasu watanni kenan, Matan Fada na Argungu ai ba kullum ake shiga ba. Kasuwar kabiya ce ta kusa ƙarar da stajin, babban kifin nan na tekun Kaspiyan da ake cire wa ƙwai, kowa ya sani.

Bakano_a_Michigan:
Malam ja ɗinka yana kan hanya amma a nan ba cin 'yan asali ne ya rage kifin ba, su da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ci bai ƙare ba. Wasu ƙananan halittun ruwa ne masu ɓawo kamar dodon koɗi da suka biyo ruwan cikin manyan jiragen dakon kaya daga Turai, an fara ganinsu a 1988 a tafkin St. Clair, daga baya wani nau'in ya biyo, suka shimfiɗe ƙasan tafkin Michigan da Huron suna tace ruwa suna cinye ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci in sun ƙyanƙyashe. Ga kuma ɗumamar yanayi, don ƙwan a kan duwatsu da tsakuwa yake kwana duk tsawon hunturu sai bazara ya fashe, ƙanƙarar da ke rufe saman ruwa ita ke kare shi daga igiya, in ƙanƙara ta yi ƙaranci igiya ta farfasa shi. Kuma ko yanzu ana rufe kamun a lokacin zubin ƙwai, ƙabilun ma suna da hukumarsu mai kula da haka.

Tsohon_Malamin_Bayoloji:
Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina kan bakana game da kasuwa, ci don gida daban, kwasa don kwalba daban.

Baffa_Nguru:
Maganar ruwa ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika mana fadama ba ta koma yadda take ba, kifi kuma a fadama yake haihuwa, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Yaran yanzu ba su san girman kifin da muka sani ba balle ƙwansa. Ina jin su ma can an yi musu irin haka?

Bakatsine_a_Winnipeg:
Baffa kamar ka sani. A nan Manitoba a shekarun 1970 aka karkatar da kogin Churchill don wutar lantarki, tafkin Southern Indian ya ƙaru da wajen mita 3, ya ci gaɓa, aka tashi mutanen garin, kuma wajen yana cikin manyan wuraren kamun farin kifi a arewacin lardin, sana'ar ta durƙushe, ƙasar da ruwa ya shanye kuma ta sa sinadarin makyuri ya hau a jikin kifi. Sannan akwai abin da na karanta a aji da ya hana ni barci, wani masanin tarihi Ian Mosby ya fito da shi a 2013, cewa a shekarun 1940 zuwa farkon 1950 masu binciken gwamnati sun tarar da mutanen Cree na Norway House da yaran 'yan asalin ƙasar da ke makarantun kwana cikin yunwa, maimakon a ba su abinci sai aka yi gwajin bitamin a kansu, a ba wasu a hana wasu don a ga bambanci. Yaran da aka raba da iyayensu aka raba su da kifin da ƙwan da komai. Shi yasa da na ga yadda tsohuwar nan ke riƙe kwanon nan na gane ba abinci kawai take gani ba.

Ma_aikaciyar_Jinya_Kaduna:
Innalillahi. To makyurin nan da ka ambata, mai ciki fa? An ce a ba mai ciki kuma ga guba a ruwa, wanne za a ɗauka?

Daliba_Ilimin_Abinci:
Anti tambayar nan ita ce mai wuya. Makyuri ya fi taruwa a jikin kifin da ke cin kifi, shi kuwa farin kifi ƙananan halittun ƙasan ruwa yake ci, shi yasa yawanci yana cikin masu ƙarancinsa, kuma makyuri a tsoka ya fi zama ba a ƙwai ba. Amma akwai wasu gubobin masana'antu irin su PCB da ke bin mai, su kam suna iya taruwa a ƙwai, don haka a wasu sassan Manyan Tafkuna ake gargaɗi kan cin ƙwan kifi. Kenan amsar tana ga ruwan da aka kamo shi. Mutanen Grassy Narrows a lardin Ontariyo na Kanada har yau suna fama da makyurin da wata masana'antar takarda ta zuba musu a kogi tsakanin 1962 da 1970, wajen tan 9. Kuma mai ciki dafaffe za ta ci, ba ɗanye ba.

Likitan_Yara_Jos:
In ƙara kan dafawar. A Alaska akwai al'adar barin ƙwan kifi da kan kifi su ruɓa kaɗan kamar yadda muke yi wa kalwa, da a rami ake yi a shimfiɗa ciyawa, ƙasa mai sanyi iska na shiga. Da roba da bokiti mai murfi suka zo sai mutane suka koma yi a ciki a ɗaki mai ɗumi, ƙwayar cutar botulizim kuma inda babu iska take so. Alaska na cikin inda aka fi samun wannan gubar ta abinci a duk Amurka. Ba al'adar ce ta canza ba, mazubin ne.

Alhaji_Mai_Taya:
Ni dai duk da haka ban gamsu a ce ya fi kwan kaza ba. Kwan kaza ko ina akwai, wannan sai shekara shekara

Dan_Sarkawa_Yauri:
Alhaji ba gasa ake ba ai. Wanda ke cikin ƙanƙara wata shida ina ya ga kaza?

Maman_Yan_Biyu:
Ni tambayata ta koma ta farko. In na sayi tarwaɗa a kasuwa na samu ƙwai a ciki, amfanin ɗaya ne da na farin kifin can? Yaran watansu goma.

Daliba_Ilimin_Abinci:
Furotin da B12 za ki samu Anti, omega-3 ne dai kifin ruwan sanyi ya fi namu, musamman in tarwaɗar ta gidan gona ce da ake ba abincin buhu. Ki dafa shi sosai ki murmushe a cikin faten dankali ko kunu, ki fara da kaɗan ki ga ko jikinsu ya karɓa don wasu yaran kifi na sa musu ƙaiƙayi da kumburi, kuma kar ki sa gishiri.

Bakatsine_a_Winnipeg:
Na gode jama'a, Allah Ya bar zumunci. Ɗazu na sauka na ba dattijuwar labarin abin da Likita ya ce kan rana da hunturu, ta yi murmushi ta ce kakarta ba ta san sunan bitamin ko ɗaya ba amma ta san watan da ake cin ƙwai. Ta ce jikokinta na nan birni ba sa ci, sun fi son abincin kanti, shi yasa ta ji daɗi da na karɓa na cinye. Ta yi min alkawarin in ɗanta ya sake kawowa kafin ruwa ya daskare za ta nuna min yadda ake raba ƙwan da fatar da ke riƙe shi.

Baffa_Nguru:
In ta nuna maka ka tambayar min ita yadda suke busar da shi ya daɗe. Mu in mun sa a banda tare da kifin ƙwan ne ke fara lalacewa, ko don zafinmu ne.

Dan_Sarkawa_Yauri:
Baffa cire shi ake daga cikin kifin a kyafe shi daban a wuta marar ƙarfi, in ka bar shi a ciki danshi ne ke kashe shi. Amma a tambayo mana nasu ɗin mu ji.